Wasiƙa ta Huɗu daga Dabura

Wata tara ke nan da ikilisiya ta ɗora wa Nicholas da matarsa Eva, wadda ta koyi aikin jinya, hannu, ta aike su aikin bishara a Dabura, wani ɗan ƙauye da ke kan dutse a bayan Belel. Mahaifiyar Nicholas, Mama Dokas, ita ce ke jagorantar addu'ar mata ta ranar Laraba, kuma tun ranar da aka sallame su, matan ba su taɓa tashi ba sai sun ambaci Dabura.

Waya ba ta shiga ƙauyen, saboda haka wasiƙa ake aikowa. Gabdo ne ke kawo ta, wani Bafulatani mai a-kori-kura da ke jigilar kaya tsakanin Mubi da Belel. A layinsu na unguwar Lokuwa a Mubi ya tashi, tare suka buga ƙwallo da Nicholas. Wasiƙar farko ta ce mutum talatin da bakwai suka zo sujada. Da Fasto ya karanta ta a gaban jama'a, mata suka ɗauki guɗa, Mama Dokas ta miƙe ta taka rawa har ɗankwalinta ya zame. Ta biyu ta ce sun kai hamsin, rumfar sujada ta yi musu kaɗan. Ta uku ta ce ana maganar baftisma.

Daga nan shiru. Wata uku babu ko layi ɗaya.

Mama Dokas tana sayar da wake da gyaɗa a kasuwa, amma yanzu zama ya gagare ta. Sai ta bar wa maƙwabciyarta rumfa ta nufi tasha, ta tsaya tana duba motocin da suka shigo, ta dawo, kafin la'asar ta sake komawa. A gida takan share tsakar gida sau biyu. Tun shekarar da aka gudu daga Mubi, lokacin da mijinta ya faɗi a hanya bai tashi ba, ba ta ƙara yarda da shiru ba.

Ranar wata Laraba ta durƙusa tare da matan, ta buɗe baki ta kasa haɗa magana. Victoria, mataimakiyarta, ta karɓa da murya mai ƙarfi, tana roƙon Ubangiji ya mayar da hamsin ɗin nan ɗari. Ɗan Victoria ma ya nemi a aike shi a bara, kwamiti ya zaɓi Nicholas, kuma har yanzu maganar ba ta gama fita daga ranta ba. Da aka tashi ta matso.

“Mama Dokas, mai bishara ya yi nisa da yawa, ko takarda ce ta ƙare a Belel?”

“Damina ce, hanya ba kyau,” in ji Mama Dokas, ta ɗauki jakarta.

A bakin ƙofa Fasto ya tare ta. Ya ce Lahadi ta sama ita ce Lahadin bishara, baƙi za su zo daga gunduma, kuma dattawa sun ga ya dace ita da kanta ta tsaya ta ba da shaidar abin da Allah ke yi a Dabura.

“Baba Fasto, ni me na gani da zan faɗa?”

“Kin haifi wanda ya gani, Mama. Ya isa.”

Washegari ta kama Gabdo a tasha yana ɗaure buhunan gishiri da igiya. Ya gaishe ta har ƙasa kamar kullum, yana kiranta Dada, wato uwa da Fulatanci.

“Dada, lafiya yake. Na gan shi ran kasuwar Belel. Eva ma yana lafiya.”

“To ina wasiƙa?”

Gabdo ya ja igiya, ya sake ja, ko da yake ta riga ta ɗauru.

“Gabdo, dube ni. Ni na goya ka ranar da innarka ta kwanta asibiti. Me kake ɓoye mini?”

“Wallahi ba ciwo ba ne, Dada. Amma ba bakina ba ne zai faɗa.”

“Yaushe za ka tashi?”

“Gobe bayan sallar asuba.”

“Ka ajiye mini gaba.”

Tafiyar ta cinye yini. Bayan Maiha hanya ta zama taɓo, sau biyu fasinjoji suna sauka su tura. A wani mayo, wato rafi, suka tarar ruwa ya cika, motoci sun yi layi ana jira ya janye. Gabdo ya shimfiɗa buhu a gindin bishiya ya yi azahar. Mama Dokas ta kasa zama a mota. Ta je bakin ruwa ta kafa kara a laka don ta ga ko yana raguwa, ta dawo, ta koma. Wata mata mai sayar da dafaffiyar masara ta ce mata, “Mama, kallo ba ya rage shi.” Zuciyarta tana ta kawo mata hotuna: Nicholas kwance da zazzaɓi, Nicholas an kore shi daga ƙauye, Eva ta tattara ta koma gidansu.

A Belel Gabdo ya sauke kaya, ya ari mashin ɗin wani abokinsa ya kai ta gindin dutse. Daga nan ƙafa ce. Ya nuna mata hanya, ya ce jibi da hantsi zai jira ta a wannan wuri.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta iso saman, numfashinta na fita da ƙyar. Abin da ta fara gani shi ne rumfar. Ta gane ta da gicciyen da aka haɗa da itace biyu aka ɗaure a gaba. Katakai ne aka jera bisa duwatsu a matsayin benci, ciyawa ta tsiro tsakaninsu har gwiwa, awaki uku suna kwance a inda mai wa'azi zai tsaya. Ta tsaya tana kallo, hannunta riƙe da ƙugu.

“Mama!”

Eva ce, daga ƙofar wani ɗakin ƙasa, da tiren kuɓewa a hannu. Ta ajiye ta taho da sauri, sai a lokacin Mama Dokas ta ga cikin, ya fito sosai. Ba wanda ya gaya mata. Ta rungume ta, ta ture ta kaɗan ta sake duba cikin, ta rasa ko murna za ta yi ko faɗa.

Ba a jima ba Nicholas ya shigo da fartanya a kafaɗa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Da ya ga uwarsa sai ya tsaya cak, fartanyar ta zame ta faɗi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi Fasto, ya tambayi hanya. Ta bar shi ya gama.

“Ina mutanenka?”

Bai ɗago ba.

“Nicholas, ina hamsin ɗin da muke yi wa addu'a?”

“Talatin da bakwai ɗin gaskiya ne, Mama. Sun zo. Amma kallon baƙi suka zo. Lahadi ta biyu, mutum sha ɗaya ne. Ta uku, ni da Eva.”

“Hamsin fa?”

“Ranar da Eva ta duba yaran da ke fama da gudawa, iyaye suka cika rumfar. Na yi addu'a kafin ta fara. Sai na ƙirga su.”

“Baftisma?”

“Mutum ɗaya ne ya tambaye ni mece ce.”

Mama Dokas ta nemi turmi ta kife ta zauna, ta sake miƙewa.

“Me ya kai ka?”

“Gabdo ya ba ni labarin ranar da aka karanta ta farko. Ya ce mutanen layi duk sun ji kin yi rawa a coci. Na ɗauki biro in rubuta mutum biyu, hannuna ya ƙi. Na ce kafin wata wasiƙar ai za su zo, sai ya zama ban yi ƙarya ba, gaba kawai na yi. Ba su zo ba. Bayan ta uku na kasa rubuta komai.”

“Ni kake ɗora wa?”

“A'a, Mama.”

“Mata suna barin girki, suna barin kasuwa, suna durƙusawa a siminti saboda mutanen da babu su! Har azumi muka yi domin masu baftisma!” Ta juya wajen Eva. “Ke kuma kina kallo?”

“Na gaya masa, Mama. Wata biyu ba ma magana sai ta dole. Na ce idan bai rubuta gaskiya ba ni zan rubuta, ya roƙe ni in ba shi lokaci.”

“Lokaci ya ƙare. Ku ɗaure kayanku, jibi Gabdo na jira. Ka je ka tsaya gaban dattawa ka faɗa da bakinka, ka nemi wani aiki. Ita kuma ta haihu kusa da asibiti.”

Nicholas ya gyaɗa kai kamar wanda aka sauke wa kaya. Eva ce ta ce, “Ni ba zan tafi ba.”

“Me kika ce?”

“Ki yi haƙuri, Mama. Wata shida matan nan ba sa amsa gaisuwata sai da kai. Yanzu suna shigowa har ɗaki. Matar jauro, mai garin nan, cikinta ya girmi nawa da wata ɗaya, biyu ta rasa a baya, na yi mata alkawari ina nan. Ba su zo rumfa ba, gaskiya ne, wataƙila ba za su zo ba. Amma ba a aiko mu don mu koma ranar da muka ji kunya ba.”

Mama Dokas ta zuba mata ido. Ba ta taɓa jin yarinyar nan ta yi magana mai tsawon haka ba. Aka kawo tuwo, ta ci loma biyu ta wanke hannu.

Da gari ya waye tana zaune a ƙofa tana tsince kuɓewar da Eva ta bari, sai ga wani tsoho ya hauro da sanda, da 'yar jakar fata a rataye. Bai yi sallama da kowa ba, ya wuce ya zauna kan wani dutse kusa da rumfar kamar wurinsa ne. Nicholas ya fito yana goge fuska, ya je ya tsuguna gabansa. Suka yi magana da Fulatanci, na Nicholas yana tuntuɓe, tsohon yana gyara masa. Can Nicholas ya sunkuyar da kai ya fara addu'a a bayyane. Tsohon bai rufe ido ba, bai sunkuya ba, yana kallon gonakin da ke ƙasa.

“Wane ne?” Mama Dokas ta tambayi Eva a hankali.

“Baba Adi. Addinin kakanninsa yake bi. Matarsa ta kwanta a farkon damina, Nicholas ya goya ta har gindin dutse aka kai ta Belel. Ba ta tashi ba. Nicholas da wasu mutum biyu suka haƙa kabarin. Tun daga nan kullum sai Baba Adi ya zo.”

Da aka gama, tsohon ya taso ya tsaya gaban Mama Dokas, ya dube ta sama da ƙasa. Hausarsa guntu-guntu ce.

“Kai ne uwansa?”

“Ni ce, Baba.”

“Bai iya noma ba. Masara nasa abin dariya.” Ya buga sanda a ƙasa. “Ni ba na bi hanya nasa. Na gaya masa. Amma ya yi magana da Allah, ni ina ji. Gida shiru ya yi yawa.”

Ya juya ya gangara abinsa.

Nicholas ya zo ya zauna nesa kaɗan da ita. Ya ce, “Da ba ya zuwa, Mama, da na daina addu'a tun tuni. Bakina nauyi yake yi. Amma idan na ji ƙarar sandarsa dole in tashi.”

Ta ci gaba da tsince kuɓewa. Ranta bai huce ba, kuma ba ta so ya ga kamar ya huce. Yinin nan kaf ta yi shi tana zaga ƙauyen da Eva, gida gida. An ba ta ruwa, an ba ta gyaɗa, matar jauro ta kama hannun Eva ta ɗora a cikinta tana dariya. Wani magidanci kuwa da ya hango su ya shige ɗaki ya saki labule. Da suka dawo ta ce wa Nicholas, “Ɗauko takarda. Abin da na gani shi za ka rubuta, ba ƙari. Ka sa har da abin da ka yi.”

Sau uku yana yagawa kafin ya gama.

Ta iso Mubi ranar Litinin ƙafafunta a kumbure. Wasiƙar ta kwana biyar a ƙasan jakarta. Kullum sai ta ce yau za ta kai wa Fasto, ta kama hanya, ta tsaya a wani shago ta juya. Ranar Laraba ta aika wa matan addu'a ta ce ba ta jin daɗi. Sai ranar Asabar da yamma ta same shi a ofis ana ta jera kujerun baƙi a waje. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

“Wa ya sani?”

“Ni da Gabdo.”

Fasto ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu. “Mama, bari gobe ta wuce. Baƙi suna zuwa, matasa da yawa suna son ba da kansu saboda labarin Dabura. Ki tsaya ki ce aiki yana da wuya, a ci gaba da addu'a. Ba ƙarya a ciki. Bayan haka dattawa za su zauna.”

Ta ce ta ji, ta fita. Har ta isa gida ba ta san abin da za ta yi ba.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. An rubuta sunan Dabura da manyan baƙaƙe a wani farin ƙyalle bayan bagadi. Ƙungiyar mata ta yi waƙa da tulu da kacau-kacau, baƙon gunduma ya yi wa'azi mai tsawo. Da aka kira sunanta mutane suka tafa tun kafin ta miƙe. Ta karɓi makirfo, ta ga Victoria a layin gaba ta harɗe hannu.

“Aiki yana da wuya,” ta fara. Ta tsaya. Fasto ya gyaɗa mata kai.

“Na je Dabura da ƙafata. Babu mutum hamsin. Babu baftisma. Ɗana ya rubuto muku abin da ba haka ba, saboda kunya, kuma ya rubuta wasiƙa yana neman gafararku, tana hannun Baba Fasto. Awaki ne ke kwana a rumfar.”

Wani ya yi dariya a baya, aka yi masa tsawa.

“Akwai tsoho ɗaya, Adi. Bai tuba ba, ya ce ba zai tuba ba, amma kullum yana zuwa a yi addu'a yana ji. Akwai matar jauro da ke jiran haihuwa. Na ce su dawo gida, surukata ta ƙi. Ni ma na yi rawa a nan gabanku, ban tambayi ko suna cin abinci ba. Abin da na gani ke nan.”

Ta miƙa makirfo ta koma wurinta. Wani dattijo ya tashi ya fita. Fasto ya daɗe a tsaye kafin ya zaro wasiƙar daga aljihu ya karanta ta duka, ba tare da ya tsallake komai ba. Da aka yi kiran masu ba da kai ga aikin bishara, mutum biyu ne suka fito, ba goma sha wani abu da ake sa rai ba.

A ƙofa wasu suka riƙe hannunta, wasu suka wuce kamar ba su gan ta ba. Dattawa suka zauna ranar Talata. Aka ce an yi ta gardama har wani ya buga tebur. A ƙarshe suka rubuta wa Nicholas takardar gargaɗi, suka ce ya sauko ƙarshen wata ya tsaya gabansu, sannan a san ko zai koma. Fasto bai yi mata maganar ba, gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice.

Ranar Alhamis tana rumfa tana sheƙe wake, sai ga Victoria ta tsaya a kanta da ƙunshi a hammata.

“Kin ba mu kunya gaban baƙi.”

“Na sani.”

“Da ɗana aka aika, da ba a yi haka ba.”

Mama Dokas ta ci gaba da sheƙe wakenta. Victoria ta ja benci ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta ɗora ƙunshin a cinya.

“Ita yarinyar wata nawa?”

“Bakwai.”

“Cikin fari, a kan dutse. Ita za ta karɓi haihuwar matar jauro, to ita wa zai karɓi tata? Awaki?” Ta kwance ƙunshin: tsofaffin zannuwa wankakku, sabulu, safar hannu, sabuwar reza. “Shekara ashirin da biyu na yi a ɗakin haihuwa kafin in ajiye aiki. Kira mini direban nan naki.”

Mama Dokas ta lalubo waya a ɗaurin zani ta kira Gabdo. Ya ce an yi ruwa kwana biyu a jere, mayo ya ƙi kowa, mota ba za ta ƙetare ba sai wani mako, shi ma in Allah ya yarda. Victoria ta fizge wayar ta ce masa ita ba ta san wani mako ba, ya nemo wata hanya ko ta Kamaru ce. Gabdo ya yi ta ba ta haƙuri yana kiranta Dada. Suna cikin haka mai sayen wake ya gaji da tsayuwa ya matsa rumfar gaba, Mama Dokas kuwa ta riga ta fara ɗaure bakin buhu, tana tambayar Victoria ko gwiwarta za ta iya hawan dutse.